BABI NA UKU: BUSASSHIYAR TARANSIFOMA A TARIHIN RARRABA WUTAR LANTARKI A BIRNIN KABI DA ARGUNGU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin kafuwar Birnin Kabi da Argungu da kuma sana'o'in mazauna kwarin gulbin Rima. Wannan babi kuwa zai dubi tarihin na'urar da wutar lantarki ke bi ta cikinta kafin ta shiga gidajen waɗannan garuruwa, wato taransifoma. Za a fara da ma'anarta da asalinta, sannan a kawo yadda wutar lantarki ta shigo Nijeriya har ta iso Birnin Kabi. Daga nan za a yi bayanin dalilan da suka haifar da busasshiyar taransifoma, wato wadda ba a zuba mata mai, tare da siffofinta. A ƙarshe za a auna waɗannan siffofi da yanayin ƙasar Kabi domin a gano inda na'urar ta dace da inda ba ta dace ba. Muhimmancin wannan tambaya shi ne, asibitoci da makarantu da masana'antun shinkafa na yankin duk sun dogara ne a kan taransifoma, kuma kuskure wajen zaɓenta kan jawo asarar dukiya, wani lokaci ma har da rayuka.

3.1 Ma'anar Taransifoma da Yadda Take Aiki

Taransifoma na'ura ce da ke ɗaga ƙarfin wutar lantarki ko ta sauke shi, ba tare da wani sashe nata yana juyawa ba. Manyan sassanta guda uku ne. Na farko shi ne ƙarfen tsakiya, wanda ake haɗawa da siraran fallayen ƙarfe. Na biyu shi ne naɗin waya, na jan ƙarfe ko na alminiyam, kuma naɗi biyu ake yi: wanda wuta ke shiga da wanda take fita. Na uku shi ne makari, wato duk abin da ke hana wuta tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan. Idan wuta mai kai-komo ta bi naɗin farko, sai ta haifar da maganaɗisu a cikin ƙarfen tsakiya, shi kuma maganaɗisun ya haifar da wuta a naɗi na biyu. Yawan zagayen waya a kowane naɗi shi ke yanke ƙarfin wutar da za ta fito.

Dalilin ɗaga ƙarfin wuta kafin a tura ta nesa shi ne rage asara. Idan aka ninka ƙarfin sau 10, yawan wutar da ke gudana cikin waya zai ragu sau 10, zafin da ke ɓacewa a hanya kuma zai ragu sau 100. Saboda haka ne ake ɗauko wuta daga tashoshi a kan bolt 330,000, a sauke ta zuwa 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000, har ta kai bolt 415 ko 240 da ake amfani da su a gidaje da shaguna. Kowane mataki daga cikin waɗannan yana buƙatar taransifoma. Misali, taransifomar unguwa mai kVA 500 tana iya ba da kimanin amfiya 695 a kowane layi daga cikin layukanta uku. Duk abin da aka ɗora mata fiye da haka, zafi yake komawa a cikinta.

3.2 Asalin Taransifoma a Duniya

Tushen wannan na'ura yana komawa ne ga binciken Michael Faraday na ƙasar Ingila, wanda a shekarar 1831 ya nuna cewa canjin wuta a wani naɗin waya yana haifar da wuta a wani naɗin da ke kan zoben ƙarfe ɗaya da shi. An ɗauki fiye da shekara 50 kafin a mayar da wannan ilimi abin kasuwanci. A shekarar 1885 injiniyoyi uku na kamfanin Ganz da ke Budapest, wato Zipernowsky da Bláthy da Déri, suka fito da taransifoma mai rufaffen ƙarfen tsakiya. A shekarar 1886 William Stanley ya haskaka garin Great Barrington na Amurka da irin wannan tsari. Haka kuma a shekarar 1891 aka tura wuta daga Lauffen zuwa Frankfurt a ƙasar Jamus, tafiyar kimanin kilomita 175, abin da ya tabbatar wa duniya cewa ana iya samar da wuta a wani wuri a yi amfani da ita a wani wuri mai nisa.

Abin lura a nan shi ne, taransifomomin farko busassu ne, iska ce kawai ke sanyaya su, kuma da auduga da takarda ake kare wayoyinsu. Da ƙarfin wuta ya ƙaru, sai wannan kariya ta kasa. Daga nan aka koma tsoma naɗin waya cikin tankin man da aka tace daga ɗanyen man fetur. Man yana yin aiki biyu: yana hana wuta tsallakawa, yana kuma kwashe zafi daga waya zuwa jikin tanki. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19 wannan nau'i ya mamaye duniya, kuma shi ne ya shigo Nijeriya.

3.3 Shigowar Wutar Lantarki Nijeriya

An kafa tashar wutar lantarki ta farko a Nijeriya a Ikko cikin shekarar 1896. A Arewa kuwa, haƙar kuza ce ta jawo kamfanin NESCO, wanda ya fara aiki a 1929 a ƙasar Jos, yana samar da wuta daga ruwan Kurra. A zamanin mulkin mallaka ba a haɗa garuruwa da layi ɗaya ba. Kowane gari da ya sami wuta yana da injinsa, wasu a hannun Ma'aikatar Ayyuka, wasu kuma kamar Kano da Katsina a hannun En'e. Dokar 1950 ce ta kafa hukumar ECN, wadda ta karɓi waɗannan tashoshi a 1951.

Bayan samun 'yancin kai aka kafa Hukumar Madatsun Ruwan Kwara a 1962, ita ce ta gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968. Daga baya aka ƙara injuna har suka kai 8, masu ƙarfin megawat 760. Wannan aiki ya shafi ƙasar Kabi ta hanyoyi biyu. Ta farko, ruwan da ke wucewa ta Argungu da Birnin Kabi yana faɗawa kogin Kwara ne a saman madatsar, wato yana cikin ruwan da ke juya injunan Kainji. Ta biyu, tafkin da madatsar ta haifar ya tayar da mutane fiye da 40,000 daga ƙasashen Borgu da Yawuri. A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta haɗe hukumomin nan biyu da doka mai lamba 24, aka sami NEPA, sunan da har yanzu bai bar bakin jama'a ba. An ƙara tashar Jebba a 1985 da ta Shiroro a 1990.

3.4 Matsayin Birnin Kabi a Tsarin Wutar Lantarki

Birnin Kabi ya sami matsayi a tsarin wutar ƙasa tun kafin ya zama babban birnin jiha. An ja layi mai bolt 330,000 daga Kainji zuwa garin, tsawon kimanin kilomita 310, aka gina babbar tashar sauke wuta. Daga wannan tasha layi mai bolt 132,000 ya nufi Sakkwato, wani kuma ya tsallaka iyaka zuwa Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, wanda ya fara aiki a 1976 domin kai wuta ga kamfanin NIGELEC. Garuruwa irin su Argungu da Jega suna samun tasu ta ƙananan layuka. Ke nan tasha ɗaya ce ke riƙe da yanki mai faɗi a ƙasashe biyu.

Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kabi daga Jihar Sakkwato. Wannan ya kawo ma'aikatu da gidajen ma'aikata da sababbin unguwanni, buƙatar wuta ta ƙaru fiye da abin da tsofaffin taransifomomi za su ɗauka. A shekarar 2005 aka yi dokar sake fasalin harkar wutar lantarki, NEPA ta koma PHCN, aka rarraba ta zuwa kamfanoni 18: na samar da wuta 6, na dakonta 1 wato TCN, na rarrabawa 11. Jihohin Kabi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna suka faɗa ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda aka miƙa wa 'yan kasuwa a watan Disamba na 2014. Bugu da ƙari, bunƙasar noman shinkafa ta ƙara wa layukan nauyi. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kabi, a 2017 kuma aka buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, ban da ta Labana da ke Birnin Kabi.

Shekarar 2023 ta nuna yadda rayuwar jama'a ta rataya a kan wannan tasha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar a farkon watan Agusta, ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A tsakiyar watan Satumba na 2023 kuma gobara ta tashi a tashar Birnin Kabi, ta cinye manyan taransifomomi biyu, ɗaya mai MVA 90, ɗaya mai MVA 60, sassan jihohin Kabi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. Wannan gobara ta fito da wani abu da injiniyoyi suka daɗe da sani, wato man da ke kare taransifoma shi ne kuma makamashinta idan wuta ta kama.

3.5 Dalilan Samuwar Busasshiyar Taransifoma

Tururin man taransifoma yana iya kamawa da wuta idan zafinsa ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyos. Wannan hatsari ne babba idan na'urar tana cikin gini mai cike da mutane. Maganin farko da aka samo shi ne wani ruwan sinadari da ake kira PCB, wanda aka fara yi don sayarwa a 1929. Ba ya kamawa da wuta cikin sauƙi, don haka aka yi ta zuba shi a taransifomomin cikin gine-gine har fiye da shekara 40. Daga baya aka gano cewa guba ne da ba ya ruɓewa, yana taruwa a jikin kifi da dabbobi da mutane. A shekarar 1968 wannan sinadari ya gurɓata man dusar shinkafa a ƙasar Japan, mutane da yawa suka kamu da ciwo. Amurka ta hana yin sa a 1979. A 1981 kuma gobara ta tashi a wani dogon ginin gwamnati a garin Binghamton na Amurka, hayaƙin PCB ya gurɓata ginin baki ɗaya, ba a sake buɗe shi ba sai 1994. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta sa shekarar 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da na'urorin da ke ɗauke da shi.

A daidai lokacin da ake gano illar PCB, masana kimiyya sun riga sun samar da wani abu daban. Wannan shi ne ƙaron efoksi, wanda Pierre Castan na Suwizalan da Sylvan Greenlee na Amurka suka yi aiki a kansa a shekarun 1930 da 1940. Ruwa-ruwa yake, amma idan aka haɗa shi da mahaɗinsa aka gasa, sai ya daskare kamar dutse, ba ya shan ruwa, ba ya barin wuta ta wuce. A shekarun 1960 kamfanonin Jamus suka fara zuba naɗin taransifoma cikin wannan ƙaro. A 1967 kuma kamfanin DuPont ya fara sayar da takardar Nomex mai jure zafi. Da waɗannan abubuwa biyu busasshiyar taransifoma ta dawo, bayan an daɗe da ajiye ta.

3.6 Siffofin Busasshiyar Taransifoma

3.6.1 Ire-irenta da Ƙirarta

Ana iya kasa busasshiyar taransifoma gida uku. Akwai wadda ake tsoma naɗinta cikin ruwan fenti na musamman a gasa, iska tana ratsa tsakanin wayoyin. Akwai wadda ake lulluɓe naɗinta gaba ɗaya da ƙaro, wadda ita ce wannan babi ya fi mayar da hankali a kanta. Akwai kuma ƙarama wadda ake sa naɗi da ƙarfen tsakiya cikin akwatin ƙarfe a cike shi da yashi da ƙaro, ana amfani da ita a wuraren ƙura da laima inda wutar ba ta da ƙarfi sosai.

Wajen ƙera nau'i na biyu, ana naɗa siririn fallen alminiyam ko na jan ƙarfe, a sa shi cikin mazubi, a shigar da mazubin cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, sannan a kwarara ƙaron da aka gauraya da garin farin dutse. Masu ƙira da yawa sun fi son alminiyam domin yadda yake buɗewa da zafi ya yi kusa da na ƙaron, don haka ba a cika samun tsagewa ba. Dalilin zuƙe iska kuwa shi ne kada kumfa ya saura a ciki, domin a cikin kumfa ne ƙananan tartsatsi ke tashi suna cin ƙaron a hankali har ya huje. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60076-11, wadda ta fito a 2004 aka kuma sabunta ta a 2018, ta ƙayyade cewa wannan tartsatsi kada ya wuce fikokulom 10 a lokacin gwaji.

3.6.2 Jure Zafi da Sanyaya

Ana raba makari aji-aji bisa zafin da yake jurewa. Takardar da ke cikin mai tana ajin A, wato digiri 105, kuma an yarda naɗin ya ɗara zafin wurin da digiri 65. Busasshiyar taransifoma galibi tana ajin F, wato digiri 155, an yarda naɗinta ya ɗara zafin wurin da digiri 100, ko kuma ajin H mai digiri 180 da ƙarin digiri 125. Waɗannan alƙaluma an gina su ne a kan sharaɗin cewa zafin iskar wurin ba zai wuce digiri 40 ba, matsakaicinsa a wata mafi zafi ba zai wuce 30 ba, na shekara kuma ba zai wuce 20 ba. Iska ce ke sanyaya na'urar, tana shiga ta ƙasa ta fita ta sama. Idan aka ƙara mata fankoki, tana iya ɗaukar ƙarin kaya da ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Ana kuma dasa ma'aunin zafi a cikin naɗin, wanda ke yin gargaɗi idan zafi ya yi yawa, ya yanke wuta idan ya wuce iyaka.

3.6.3 Ajin Muhalli da Gobara

Ƙa'idar ta tanadi alamomi uku da ake rubutawa a allon jikin na'urar. Harafin E yana nuna jure raɓa da datti, inda E0 ke nufin wuri mai tsabta da bushewa, E2 kuma wuri mai yawan raɓa ko ƙazanta. Harafin C yana nuna jure sanyi, C1 har digiri 5 ƙasa da sifiri, C2 har 25. Harafin F yana nuna halin na'urar a gobara, kuma F1 na nufin ba ta saurin kamawa, wutar kan mutu da kanta, hayaƙinta kuma kaɗan ne. Akwatin da ake rufe ta da shi ma yana da lamba: IP00 babu murfi ko kaɗan, IP31 yana hana ƙananan abubuwa da ɗigon ruwa shiga, IP54 yana kare ta daga ƙura da feshin ruwa, sai dai yana rage shigar iska. Wajibi ne a sani cewa bayan ƙaron ba abin taɓawa ba ne idan wuta tana ciki, don haka ba a barin ta a fili ba shinge.

3.6.4 Ƙarfi da Gwaji

Galibin waɗannan na'urori ana yin su ne don layukan da ba su wuce bolt 36,000 ba, wato sun dace da layukan 11,000 da 33,000 na Nijeriya. Wadda za ta hau layin 11,000 ana gwada ta da bolt 28,000 na tsawon minti ɗaya, da kuma bugun da ya yi kama da na aradu mai bolt 60,000 ko 75,000. Ta layin 33,000 kuwa ana gwada ta da 70,000, da bugun 145,000 ko 170,000. Tana kuma da mahaɗai da ake sauyawa bayan an kashe wuta, domin ɗaga ƙarfin ko rage shi da kashi 2.5 ko 5 cikin 100.

3.7 Dacewarta da Yanayin Kwarin Rima

Idan aka ɗora waɗannan siffofi a kan yanayin Birnin Kabi da Argungu, abu na farko da zai fito shi ne matsalar zafi. A watannin bazara, musamman Afrilu, zafin rana kan wuce digiri 40, matsakaicin zafin shekara kuma ya ɗara digiri 20 da ƙa'ida ta ɗauka nesa ba kusa ba. Ɗakin da aka rufe da kwano ya fi waje zafi. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa duk ƙarin digiri 6 zuwa 8 a kan iyakar makari yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Ma'anar wannan ita ce, taransifomar da aka rubuta kVA 500 a jikinta bisa yanayin Turai ba za ta ba da kVA 500 a Argungu cikin watan Afrilu ba tare da ta tsufa da wuri ba. Wannan hukunci ya hau kan mai amfani da mai da busasshiyar duka, sai dai busasshiya ta fi dogara da iskar ɗakin da take. Mafita ita ce a faɗa wa masu ƙira zafin wurin tun wajen saye, ko a sayi wadda ta ɗara buƙata, a kuma buɗe wa ɗakin tagogi a ƙasa da sama.

Abu na biyu shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan sauke ƙura mai laushi, a masana'antar shinkafa kuma akwai ƙaiƙayi da dusa a cikin iska kullum. Ƙurar tana toshe hanyoyin iska, idan kuma laimar damina ta sauka a kanta sai ta zama hanyar da wuta ke bi a bayan ƙaron. Saboda haka ajin E2 ne mafi ƙarancin abin da ya dace, tare da share na'urar a kai a kai bayan an kashe wuta. Na uku shi ne aradu. Layukan yankin a kan falwaya suke, suna ratsa fadamu da filaye, ga hadarin farkon damina mai yawan walƙiya. Dole ne a sa mata na'urar kare aradu a kusa da ita.

Abu na huɗu shi ne gyara da kuɗi. Taransifoma mai amfani da mai idan ta ƙone, masu naɗin waya na gida suna iya buɗe ta su sake naɗa ta, a tace man a mayar. Naɗin da ya daskare cikin ƙaro ba ya warwaruwa, sai dai a sayo sabo daga masu ƙira. Daɗin daɗawa, busasshiya ta fi tsada wajen saye, ta fi ƙara, kuma ba ta jure rana da ruwan sama sai da akwati na musamman. Waɗannan dalilai ne suka sa taransifomomin da ake gani a unguwanni da ƙauyukan yankin, a kan falwaya ko a kan dakali, masu amfani da mai ne.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, fa'idarta a bayyane take a wasu wurare. A asibiti irin Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, ko ɗakunan kwanan ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi da aka kafa a 2013, ko filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, rage hatsarin gobara ya fi ƙarin kuɗin saye muhimmanci. Ana iya ajiye ta a cikin gini kusa da inda ake buƙatar wuta, abin da ke rage tsawon manyan wayoyi da asarar da ke cikinsu. A masana'antar abinci babu fargabar mai ya zuba kusa da shinkafa. A bakin gulbi da fadama, inda ake kamun kifi da noman rani, babu man da zai malala cikin ruwa. Har wa yau, babu man da ɓarayi za su tsiyaye, wanda yana cikin dalilan ƙonewar taransifomomi a Nijeriya, ko da yake wayoyin da ke jikinta ba su tsira daga sata ba. Akwai kuma hanya ta tsakiya da ta samu tun ƙarshen shekarun 1990, wato zuba man tsirrai irin na waken suya, wanda ba ya ci da wuta sai zafi ya wuce digiri 300, kuma yana ruɓewa a ƙasa.

Ya kamata a bayyana cewa busasshiyar taransifoma ba za ta maye gurbin irin waɗanda suka ƙone a 2023 ba, domin ba a ƙera ta don layin bolt 330,000 ko 132,000. Kariyar irin wannan tasha tana ga gwajin mai a kan lokaci, da katangar da ke raba taransifoma da 'yar'uwarta, da ramin tara mai, da kayan kashe gobara, da kuma samun hanya ta biyu da wuta za ta bi. Matsayin tashar ma ƙaruwa yake yi, domin a 2022 aka ƙaddamar da aikin layi mai bolt 330,000 daga Birnin Kabi zuwa Yamai da Wagadugu da arewacin Jamhuriyar Benin.

3.8 Naɗewa

Wannan babi ya bi tarihin taransifoma daga binciken Faraday na 1831 zuwa tashar Birnin Kabi, ya nuna cewa kowane mataki an ɗauke shi ne domin magance matsalar da ta gabace shi. Mai ya magance raunin auduga da takarda amma ya kawo gobara, PCB ya rage gobara amma ya kawo guba, ƙaron efoksi kuma ya kawar da biyun amma ya zo da tsada da wahalar gyara. An kuma ga cewa a kwarin Rima wurin busasshiyar taransifoma shi ne cikin gine-gine, asibitoci da makarantu da masana'antu, bisa sharaɗin a yi la'akari da zafin bazara da ƙurar hunturu tun kafin a saye ta. Tituna da ƙauyuka kuwa za su ci gaba da dogaro da mai amfani da mai. Da yake gyaran tsarin mulki da Dokar Wutar Lantarki na 2023 sun ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu, irin wannan zaɓi zai ƙara faɗowa a hannun jami'an jiha. Babi na gaba zai dubi yadda al'ummomin unguwanni ke haɗa kuɗi domin saye da gyaran taransifoma a Birnin Kabi da Argungu.